Wai da gaske sauro sabawa yake yi da magani?

Malamin Bayoloji:
Assalamu alaikum 'yan gurup. Jiya da daddare ina makin takardun 'yan SS3 na ci karo da wata amsa da ta tsaya min a rai, kuma yaron da ya rubuta ta yana cikin masu ƙoƙarin ajin. Tambayar ita ce me ya sa maganin sauron da a da in an fesa sai ka share gawarsu da tsintsiya da safe, yanzu ba ya yi musu komai. Sai ya ce wai sauro ne ya ga ana kashe shi, shi ne ya canza jikinsa ya saba da maganin. Na duba sauran takardun, wallahi kusan duk ajin haka suka rubuta, kuma na san ba laifinsu ba ne, haka muke faɗa a gida, sauro ya saba, kuɗin cizo ya saba, maleriya ta saba da allura.

To ba haka abin yake ba. Sauron da aka fesa wa magani ya mutu ya mutu, babu wani sabo da zai yi. Abin da ke faruwa shi ne tun kafin a kawo maganin sauraye ba ɗaya suke ba, kamar yadda 'ya'yan ɗaki ɗaya ba sa zama ɗaya, a cikin dubbai akwai 'yan tsiraru da aka haifa da wani ɗan bambanci a jiki wanda ya sa gubar ba ta kama su sosai, su ma ba su san suna da shi ba. Ka fesa, sauran suka zube, waɗannan suka rage suka yi ƙwai a kwata, 'ya'yansu suka gado su, ka sake fesawa, aka sake tacewa, kuma sauro cikin sati biyu ya yi sabon zubi, kafin 'yan shekaru unguwar duk jikokin waɗancan tsirarun ne. Babu sauro ko ɗaya da ya canza a rayuwarsa, taron ne ya canza. Wannan shi ne abin da Charles Darwin ya yi bayani a littafinsa na 1859, littattafanmu na fassara shi da zaɓin yanayi, ni dai a aji tankaɗe nake ce masa, don rariya ba ta ƙirƙirar gari, abin da aka zuba mata shi take rabawa. Ina so in ji ra'ayinku, musamman ma'aikatan lafiya da manoman da ke cikin gurup ɗin nan.

Ɗan Kemis:
Wa alaikumus salam Malam, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Duk wanda ya haura shekara talatin ya san kulorakwin, da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa mutum ya kwana yana susa, amma fa yana aiki a lokacin. Ƙwayar maleriyar da ba ta jinsa ta fara bayyana ne wajen ƙarshen shekarun 1950 a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma can Kolombiya, ta iso gabashin Afirka a 1978, daga nan ta yi ta yaɗuwa har ta kai a Najeriya aka sauke shi daga matsayin maganin farko wajen 2005 aka koma ACT, wato haɗin magungunan maleriya da ya maye gurbinsa. Amma abin da ya fi ba ni mamaki labarin Malawi ne, su tun 1993 suka daina amfani da shi, bayan shekara goma da 'yan kai aka sake gwadawa sai ga shi yana aiki kusan ɗari bisa ɗari. In da sabo ne ai ba za ta manta ba. Ashe ƙwayar da ke jure kulorakwin tana da ɗan rauni ta wani gefen, in babu maganin sai 'yan uwanta na asali su fi ta yaɗuwa su mamaye wurin.

Ni kullum da wannan nake fama a shago, mutum ya zo ya ce a ba shi kafso na ɗari biyu, ya sha kwana biyu ya ji sauƙi ya ajiye, ko yaro na mura a ce sai an ba shi antibayotik, ka yi bayani har ka gaji a tafi shagon gaba a saya.

Maman Ummi:
Malam ni tambaya ce da ni kuma don Allah a amsa min da Hausar da zan gane. In dai gaskiya ne abin da ba shi da amfani tacewa ake yi ya ɓace, me ya sa sikila ba ta ɓace ba? 'Ya'yana biyar, biyu masu sikila ne, ɗaya ya rasu yana shekara huɗu, Ummi kuma yanzu shekararta sha ɗaya, lokacin sanyi in ciwon ya tashi haka za ta riƙe ƙafarta tana cewa Mama ƙashina ake sara, in dafa ruwa in gasa mata in ba ta ruwa ta yi ta sha har gari ya waye mu tafi asibiti. Wane amfani ke cikin wannan da har aka bar shi?

Admin:
Allah Ya jiƙan yaron Hajiya, Ya sa mai ceto ne, Ya ba Ummi lafiya.

Ɗalibar Likitanci:
Amin. Mama bari in gwada kafin Malam ya dawo, don wannan tambayar taki ita ce tsakiyar maganar gaba ɗaya. Kowane mutum yana samun ƙwayar gado ta jini guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai AA ya samu lafiyayyu biyu, mai SS ya samu na sikila biyu, shi ne mai ciwon, mai AS kuma ɗaya-ɗaya, ba ya ciwon sikila. To shi mai AS ɗin nan yana da wata kariya da mai AA ba shi da ita, maleriya mai tsanani irin wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa ko ta shanye jinin yaro ba ta cika kashe shi ba, kariyar ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari. Wani likita Anthony Allison ne ya nuna haka a gabashin Afirka a 1954. Kuma ba sai mun je nesa ba, a Garki da ke Jigawa yanzu, lokacin tana cikin jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani babban bincike kan maleriya daga 1969 zuwa 1976, da aka gwada jinin mutanen ƙauyukan sai aka ga a cikin jarirai masu AS kusan 24 ne cikin ɗari, amma a cikin waɗanda suka wuce shekara biyar sun kai 29. Jinin mutum ba ya canzawa bayan haihuwa, abin da ya faru shi ne yara masu AA sun fi mutuwa da zazzaɓi kafin su kai shekara biyar, shi ya sa kason masu AS ya ƙaru a cikin waɗanda suka rayu.

Kin ga kenan rariyar tana aiki ta gefe biyu, maleriya na ɗiban masu AA, sikila na ɗiban masu SS, masu AS na tsakiya su ne suka fi kaiwa girma su yi aure, kuma su ne ke ɗauke da S ɗin su miƙa wa na gaba. Shi ya sa inda maleriya ta yi katutu a nan sikila take, Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma an ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 masu SS duk shekara.

Maman Ummi:
Ikon Allah. Wato abin da ya kare ni da babansu muna yara shi ne ya kama 'ya'yanmu. Na karanta sau uku kafin in iya amsawa.

Malamin Bayoloji:
Haka ne Hajiya, Allah Ya ƙara haƙuri, ƙanwata kuma Allah Ya yi albarka, kin fi ni iya bayanin. Kuma nan ne kuskure na biyu yake, mutane na ɗauka tankaɗen nan gyara yake yi, kullum yana kai halitta ga abin da ya fi kyau. Ba ruwansa da kyau, ba ruwansa da zafin da Ummi ke ji, lissafinsa ɗaya ne, wa ya rayu har ya bar baya. In da mai tsara wa mutane jin daɗi ne ai ba zai biya kariyar maleriya da ciwon yaro ɗaya cikin huɗu a gidan da uwa da uba duk AS ne ba. Mu ne aka ba hankali da tausayi, shi ya sa gwajin jini kafin aure ya zama dole a kanmu, Kano ma ta mayar da shi doka a 2024. Kuma a lura, ɗaya cikin huɗun nan a kowane ciki ne ake sake shi, ba wai in an haifi mai sikila ɗaya ukun da ke biye sun tsira ba, ga shi Hajiya biyu ta samu cikin biyar. Sannan mai AS kada ya ji an ce kariya ya yar da gidan sauro, yana kamuwa da maleriya sarai.

Abu Sumayya:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, kuma ina yi wa 'yar uwa ta'aziyya. Amma Malam ka yi haƙuri, akwai abin da ba zan iya yin shiru a kai ba. Wannan Darwin ɗin ba shi ne ya ce mutum daga biri ya fito ba? Ka fara mana da sauro da maleriya waɗanda kowa ya yarda da su, a hankali za a kai yaranmu inda ba mu so. Sannan kalmar nan zaɓin yanayi, yanayi wane ne da zai yi zaɓi? Allah ne ke halitta kuma Shi ke zaɓi. Ni ina ganin a bar wa Turawa kayansu, tunda su da kansu ma tiyori suke ce masa, wato hasashe.

Malamin Bayoloji:
Wa alaikumus salam, Allah gafarta Malam, na ji daɗi da ka fito fili ka faɗa, don da yawa abin na ransu ba sa furtawa. Maganar kalmar zaɓi ina tare da kai cewa tana ruɗarwa, shi kansa Darwin da aka yi masa wannan ƙorafin ya amsa cewa aron magana ce kawai, ba yana nufin akwai wani mai niyya da ake kira yanayi ba. Shi ya sa na fi son tankaɗe. In na koya wa yara cewa rana na dafa ruwan teku ya tashi ya zama girgije ya sauko, babu wanda ke cewa na yi musun Allah ne ke saukar da ruwa, sababi na bayyana, ni a wurina wannan ma haka yake.

Tiyori kuma a bakin masu kimiyya ba ya nufin shaci-faɗi, suna nufin bayanin da ya tattara hujjoji masu yawa aka yi ta gwada shi bai faɗi ba, cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo kwalara da tarin fuka shi ma tiyori suke kiransa, kuma a kansa aka gina kowane asibiti.

Maganar biri ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ba su ce biri ya rikiɗe ya zama mutum ba, ba su ce birin da muke gani a Yankari kakan wani ba ne, abin da suke cewa shi ne mutum da birin cimfanzi sun haɗa asali ɗaya shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kowa ya kama hanyarsa, suna kafa hujja da kamannin DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, da ƙasusuwan da ake tonowa, ɗaya daga cikin mafi tsufa ma a hamadar Djurab ta ƙasar Chadi aka same shi a 2001, suka sa masa suna Tumai. Wannan shi ne abin da suke faɗa, kuma a wurinsu tankaɗen da ya yi aiki a kan sauro shi ne dai ya yi aiki a tsawon miliyoyin shekaru. Yadda wannan zai zauna da abin da muka yi imani da shi game da Annabi Adamu alaihis salam, malaman addini sun yi maganganu kuma fagensu ne, ni ba zan yi fatawa ba. Abin da nake roƙo kawai, in za mu ƙi magana mu ƙi ainihin abin da aka faɗa, kada mu ƙi wanda ba a faɗa ba, kuma kada fushin biri ya sa mu watsar da ilimin da ke gaya mana dalilin da magani ke daina aiki a jikin 'ya'yanmu.

Abu Sumayya:
Na gode da ba ka ɓoye ba. Sauro da ƙwayar cuta da sikila na karɓa, ido na gani. Asalin ɗan Adam kuwa ina nan inda nassi ya tsaya, ba zan matsa ba, kuma ina roƙonka in ka zo wurin a aji ka riƙa gaya wa yaran cewa wannan maganar masu kimiyya ce, su koma ga malamansu.

Malamin Bayoloji:
Haka nake yi dama, ina gaya musu ga abin da ke cikin manhaja ga hujjojin da aka kawo, su fahimce shi daidai.

Baban Gona:
Salamu alaikum yarana, jikana ne ke rubuta min ina faɗa, daga wajen Maraɗi. Ni ban yi lakwal ba amma abin da malamin nan ke faɗi mu mun san shi a gona tun muna bin iyayenmu. In an yi girbi ba a ɗibar iri haka kawai, mahaifina sai ya zauna gaban dami ya riƙa zaro zangarniya ɗaya-ɗaya, mai tsawo mai cikakken ido wadda tsutsa ba ta taɓa ba, ya ɗaure su daban ya rataye a cikin rumbu, ko yunwa ta yi yaya ba a taɓa su. Shekarun da ruwa ya riƙa ɗaukewa da wuri kuwa, geron da ke nuna da wuri shi kaɗai ya ba da abin kirki, shi muka samu muka mayar ƙasa, yau a garinmu da wuya ka ga mai jan kwana irin na da. Ba geron ne ya yi wayo ba, wanda bai kai ba ya ƙone a tsaye.

Sannan akwai shibra. Tana fitowa a cikin gero kamarsu ɗaya tun suna ƙanana, ba ka rabe su wajen noma sai ta fitar da kai, kafin ka zo girbi ta kakkaɓe 'ya'yanta a ƙasa, baɗi ta sake fitowa. Wadda ta yi saurin bambanta da gero mun cire ta da hauya tuntuni, wadda ta fi kama da shi ita ta rage mana. To ashe mu muka tace ta da hannunmu ba mu sani ba.

Malamin Bayoloji:
Baba ranka ya daɗe, wallahi wannan misalin na shibra ya fi duk wanda ke cikin littafin da nake koyarwa da shi, zan roƙi izini in kai shi aji. Kuma ka san da irin maganarka Darwin ya buɗe littafinsa, da masu kiwon tattabaru, shi ma ya yi kiwonsu, ya nuna yadda masu zaɓen wadda za a haɗa da wadda suka fitar da iri-iri masu siffa daban-daban daga tattabarar daji guda, duk mai kiwon tattabaru a Kano ko Zariya ya san wannan aikin. Sai ya ce to in mutum ya yi haka cikin ɗaruruwan shekaru, fari da yunwa da cuta da maƙiya fa, da ba sa hutu? Geron kansa daga ciyawar daji mai zubar da 'ya'ya aka samo shi a yankin Sahel, an tono tsohonsa na wajen shekara 4,500 a arewacin Mali. Masara kuma a Meziko, daga wata ciyawa da in ka gan ta ba za ka ce danginta ba ce, wajen shekara 9,000.

Auta:
Malam mu fa a makaranta da raƙumin dawa aka koya mana, wai yana ta miƙa wuya don ya ci ganyen sama har wuyan ya yi tsawo 'ya'yansa suka gada. Ba shi ne ibolushan ɗin ba, wato sauyawar halittu a hankali daga zuriya zuwa zuriya?

Malamin Bayoloji:
Auta wannan ra'ayin wani Bafaranshe ne Lamarck tun 1809, ana kawo shi a aji ne don a nuna inda ya kuskure, sai yara su riƙe labarin su manta gyaran. Duba gida kawai, shekara ɗari nawa ana yi wa mutane tsagar gado a fuska, ka taɓa ganin an haifi jariri da ita? Ana huda wa mata kunne tun kaka da kakanni, kowace jaririya sai an sake huda mata. Maƙeri ya yi damtse da guduma, ɗansa ba ya zuwa da shi. Abin da ka samu da aiki ko rauni a jikinka ba ya shiga ƙwayar gado. Raƙuman dawan da ke Kure kusa da Yamai, kakanninsu dama wasu sun ɗan fi wasu tsawo, waɗanda tsawon ya taimaka suka fi barin baya.

Ɗan Kemis:
To amma Malam bambancin na farko daga ina yake zuwa? Nan ne ni ma nake ɗan tsayawa. Ba maganin ne ke jawo shi ba?

Ɗalibar Likitanci:
Yaya ba shi ba ne. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu sai ta kwafi DNA ɗinta, kuma wajen kwafin akan samu ɗan kuskure jefi-jefi kamar mai kwafar dogon rubutu, yawanci ba ya komai, wani ya cutar, wani can ba a rasa ba ya zo daidai da wata buƙata. Sikila kanta harafi ɗaya ne tak ya canza. An gwada wannan tambayar taka tun 1952, wasu masu bincike mata da miji, Joshua da Esther Lederberg, suka shuka bakteriya a faranti, suka ɗauki hatiminsu da ƙyalle mai laushi suka buga a wasu farantan da aka sa abin da ke kashe su, sai ga masu tsira suna fitowa a gurbi ɗaya a kowane faranti, wato tun a farantin farko da bai taɓa ganin maganin ba suna nan zaune. Don haka masu cewa ai komai dace ne kawai rabin maganar suka ji, kuskuren kwafi ne ke zuwa ba tsari, amma wanda zai rayu ba ƙuri'a ake jefawa ba, yanayin wurin ne ke tacewa.

Ɗan Ruga:
Jam, ku bari in sa baki ta ɓangaren shanu, don akwai maganar da nake ji 'yan boko na yi wai ka'idar ta ce mai ƙarfi shi ke rayuwa, har suna kafa hujja da ita in an danne talaka. Bunajinmu farare manya in ka kai su kurmi inda ƙudan tsando yake, sammore ya kama su sai su rame su zube, amma Muturu 'yar guntuwa da ba ta kai ƙugun mutum ba tana nan tana kiwo abinta. Ka kawo ta nan Sahel cikin bazara a ce a yi tafiyar kwanaki neman ruwa, Rahaji zai bar ta a hanya. To wane ne mai ƙarfin a ciki?

Malamin Bayoloji:
Ka gama magana ɗan uwa. Kalmar da suke fassarawa da mai ƙarfi dacewa take nufi, wanda ya dace da wurin da lokacin, in wurin ya canza lissafin ya juye, kamar ƙwayar maleriyar Malawi. Jimlar ma ba Darwin ne ya ƙirƙire ta ba, Herbert Spencer ne a 1864, daga baya Darwin ya ara. Kuma gaskiya an yi mummunan amfani da ita, masu mulkin mallaka da masu wariyar launin fata sun fake da ita suna cewa danne mu da suka yi dokar halitta ce, wannan na cikin abin da ya sa mutanenmu ke ƙyamar zancen kuma ban ga laifinsu ba. Amma bayanin yadda abu ke faruwa daban, halatta zalunci daban, likitan da ya gaya maka yadda kwalara ke yaɗuwa ba cewa ya yi a bar ta ta yaɗu ba. Kashin dankali ɗabi'ar mutane ce, kada a jingina wa ilimi.

Tunda kai ne ma, ga wani naku. Yawancin mutanen duniya in sun girma cikinsu na rage iya narkar da sukarin da ke cikin ɗanyar madara, sai kumburi da gudawa, amma a cikin al'ummomin da suka daɗe suna kiwo, Fulani da Larabawa makiyaya da Masai da mutanen arewacin Turai, da yawa suna sha har tsufa lafiya lau. Kuma canjin da ya ba mutanen gabashin Afirka wannan daban yake da na Turawa, kowanne ya taso da kansa, inda nono ne abincin da ke raba mutum da yunwa mai iya shansa ya fi barin zuriya.

Ɗan Ruga:
Shi ya sa abokaina na birni in sun zo ruga aka ba su sabon tatsa sai su ce a kawo kindirmo dai.

Ɗalibar Likitanci:
Eh, kindirmo da nono mai tsami bakteriya sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, shi ya sa ya fi zama a ciki.

Baban Gona:
To yarana ni yanzu ga damuwata. Tsutsar nan da ta shigo mana masara da dawa 'yan shekarun nan, mai shiga cikin kunnen ganye ta bar kashi kamar dussa, shekarar farko maganin da na saya ya kashe ta, bana na fesa sau uku tana nan. In na gane maganarku ni ne nake tace ta kenan. Me zan yi?

Malamin Bayoloji:
Baba tsutsar daga nahiyar Amurka ta zo, a 2016 aka fara ganinta a Afirka. Zai iya zama tacewar ce, zai iya zama kuma maganin jabu ne ko an tsinka shi da ruwa fiye da ƙima, ko an fesa bayan ta girma ta shige can ciki inda ba ya kaiwa. Abin da malaman gona ke cewa shi ne a riƙa duba gonar tun shuka na ƙarama a kama ta tana 'yar mitsitsiya, a fesa da sassafe ko da yamma a saita cikin kunnen, a bi ma'aunin da aka rubuta, kuma kada a nace wa magani ɗaya, a riƙa sauyawa da wanda sinadarinsa daban ne don wadda ta tsallake na farko na biyu ya same ta. Amma a kula, sau da yawa sunan kwalba ne kawai ya bambanta, abin da ke ciki ɗaya ne. Ka sa jikanka ya ɗauki hoton bayan kwalaben da ka yi amfani da su ya turo nan mu karanta ƙananan rubutun.

Baban Gona:
Biyu na nan a rumbu, ta ukun na ba maƙwabcina, in an sauko daga sallar la'asar zan aika yaron ya karɓo.